Riƙon kyanwa: Aikin 'yan sa kai da ke raya magunan da aka tsinto a titunan Birtaniya

A watan Janairun 2011, kyamarar BBC ta ɗauko wani ɓera yana gifta ƙofar gida mai lamba 10 a titin Downing, fadar Firaministan Birtaniya, daidai lokacin da wakilin gidan ke tsaye yana ba da rahoto. Jaridun Landan suka samu abin yi. Bayan 'yan makonni, ranar 15 ga Fabrairu, aka shigo fadar da wani muzuru mai launin fari da ƙasa-ƙasa, ɗan kimanin shekara huɗu, ana ce masa Larry, aka kuma naɗa shi Babban Mai Kamun Ɓera na Ofishin Majalisar Ministoci.

Larry ba ɗan gata ba ne tun fil azal. A kan titi aka tsince shi yana gararamba, aka kai shi gidan ceton karnuka da maguna na Battersea, daga nan ne kuma aka zaɓo shi. Ya zuwa Yulin 2024 da Keir Starmer ya tare a gidan, Larry ya zauna da firaministoci shida: David Cameron, Theresa May, Boris Johnson, Liz Truss, Rishi Sunak, sai Starmer ɗin. Ranar da Cameron ya yi sallama da majalisa a 2016, ya bayyana cewa ba zai tafi da shi ba, domin Larry na gidan ne, kuma ma'aikata suna ji da shi. Ma'aikatan ne ma ke haɗa kuɗin ɗawainiyarsa daga aljihunsu, saɓanin 1929, lokacin da Baitulmalin ƙasar ya amince a hukumance a riƙa kashe kwabo ɗaya a kullum wajen ciyar da kyanwar ofis. 'Yan jarida sun sha yi masa shaguɓe cewa a wajen ɓeraye ya zama kyanwar Lami, barcinsa ya fi farautarsa yawa. Hakan bai hana Ma'aikatar Harkokin Waje ɗauko nata muzurun, Palmerston, daga Battersea a 2016 ba, ita ma Ma'aikatar Kuɗi ta ɗauko Gladstone a wannan shekarar.

Waɗannan ukun su ne duniya ta sani, kuma sun isa gidan ceto da girmansu, suna iya ci da kansu. A bayansu akwai dubbai da ake tsintowa kowace shekara cikin kwali a gefen bola, ko ƙarƙashin mota, ko a bayan shago, waɗansu ko ido ba su buɗe ba. Irin waɗannan keji ba ya raya su. Abin da ke tsakaninsu da mutuwa shi ne wani mutum da ba a biyansa ko sisi, wanda ya yarda ya ware ɗaki guda a gidansa, ya sadaukar da barcinsa na 'yan makonni, sannan idan dabbar ta murmure ya miƙa ta ga wani.

Yadda tsarin yake

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari, ko da yake a kan 'ya'yan mutane ya san shi. Goggo takan ɗauki ɗan ƙaninta ta riƙe, ta ci da shi ta sha da shi, ta yi jinyarsa, alhali kowa ya san uban yaron. Ran da aka ce a maido shi, sai ta maido. Kalmar riƙo ce ta fi dacewa da abin da 'yan sa kai ke yi wa ƙungiyoyin ceton dabbobi a Birtaniya. Kyanwar tana nan a matsayin ta ƙungiya. Ƙungiya ce ke sayen abinci da yashin bahaya, ita ke biyan likitan dabbobi, ita ce kuma ke da ta cewa a kan wanda za a ba dabbar daga ƙarshe. Abin da ake nema a wurin mai riƙo shi ne wuri da lokaci da sa ido.

Ƙungiyoyi biyu sun yi fice a wannan fage. Battersea, wadda wata mata mai suna Mary Tealby ta kafa a 1860 a unguwar Holloway da ke arewacin Landan domin karnukan da suka ɓata ko yunwa ta galabaita, ta koma unguwar Battersea a 1871, ta kuma fara karɓar maguna a 1883. Yanzu tana da cibiyoyi uku, a Landan da Old Windsor da Brands Hatch. Ta biyun ita ce Cats Protection, da aka kafa a 1927 ƙarƙashin jagorancin Jessey Wade, wadda ƙarfinta ya dogara ga rassan 'yan sa kai da ke warwatse a garuruwa. Da yawa daga rassan nan ba su da ginin kansu. Gidajen masu riƙo su ne cibiyar, wani a ɗakin baƙinsa, wani a ɗan keɓaɓɓen ɗaki da ƙungiya ta kafa masa a bayan gida.

Akwai dalilan da suka sa ba a tara dabbobin duka a cibiya guda. Na farko yawa ne. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, goyon cikin kimanin mako tara ne, tana kuma iya haihuwa har sau uku a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya uku zuwa shida. A Turai tsawon yini ne ke motsa ta neman namiji, saboda haka daga wajen Afrilu zuwa Satumba haihuwa kan zo a tare kamar ruwan damina, cibiyoyi su cika maƙil. Na biyu cuta ce: jaririn da garkuwar jikinsa ba ta ƙosa ba, idan aka ajiye shi inda dabbobi da yawa ke shaƙar iska ɗaya, mura kaɗai na iya kashe shi. Na uku kuwa, ma'aikacin cibiya yana tashi daga aiki da yamma, shi kuma ɗan kyanwa mai kwana biyar ba ya jiran gari ya waye.

Daren mai riƙo

Ɗan kyanwa yakan zo duniya da nauyin kimanin giram 100, idonsa a rufe, kunnensa a toshe. Sai ya yi kwana bakwai zuwa goma kafin idon ya soma buɗewa. Har ya kai mako uku zuwa huɗu jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi da kansa, ɗumin uwa da na 'yan'uwansa yake dogara da shi. Shi ya sa darasin farko ga sabon mai riƙo shi ne ɗumi kafin abinci. Jaririn da sanyi ya kama cikinsa ba ya narkar da madara, ɗura masa ita a wannan hali kuwa na iya zama ajalinsa. Sai an naɗe gorar ruwan ɗumi cikin tawul, an kwantar da shi kusa da ita, jikinsa ya dawo, tukuna a ɗauko fida.

Madarar ma ta musamman ce, wadda aka haɗa domin maguna. Ta saniya, duk da cewa ita ce ke fara zuwa zuciyar mai tausayi, tana sa su gudawa, kuma ba ta da isasshen abin gina jikin da suke bukata. Gudawar yini guda ta isa ta ƙarar da ruwan jikin halittar da ba ta cika tafin hannu ba. Ana shayar da jaririn yana kife a kan cikinsa, kamar yadda yake kwanciya a jikin uwarsa. Wanda ya rungume shi a rigingine irin na jaririn mutum, madara na iya kwarara cikin huhunsa. A makonni biyun farko, kowace awa biyu zuwa uku ake shayarwa, dare da rana. Wanda ya karɓi marayu biyar, kafin ya gama da na biyar ya wanke fida, saura kaɗan lokacin na farko ya sake zagayowa.

Bayan kowace shayarwa akwai aikin da uwa ke yi da harshenta. Jariri ba ya iya fitsari ko bahaya da kansa har wajen mako uku, sai an jiƙa auduga da ruwan ɗumi an shafa masa a hankali. Sai kuma awo: kowace safiya a ɗora shi a kan ƙaramin sikeli, a rubuta abin da ya nuna. Lafiyayye yakan ƙaru da giram 10 zuwa 15 a kullum. Idan lambar ta tsaya cak ko ta ja baya, wannan ne gargaɗin farko, tun kafin ido ya ga alamar ciwo, sai a garzaya wurin likita. Duk da haka ba duka ke rayuwa ba. Akwai waɗanda kan dusashe a hannu cikin 'yan sa'o'i ba tare da mai riƙo ya yi kuskuren komai ba, kuma gogaggu kan gaya wa sabon shiga wannan tun da wuri, don kada ya ɗora wa kansa laifi ya bar aikin. Waɗanda suka tsallake, a wajen mako huɗu ake fara yaye su da abinci mai laushi, lokacin ne kuma suke koyon shiga tiren yashi.

Makonnin sabo

Rayar da jiki rabin aikin ne. Masana halayyar dabbobi sun tabbatar da cewa tsakanin mako biyu zuwa bakwai da haihuwa ne kyanwa ke tsayar da matsayinta a kan ɗan Adam, ko abokin zama ne ko abin gudu. Wadda hannaye daban-daban suka riƙa ɗauka a hankali a wannan tsakani, ta saba da ƙarar rediyo da injin wanki, ta ji muryar namiji da ta mace da ta yaro, takan tashi mai sakin jiki da mutane. Wadda ta wuce wannan lokaci ba ta ga mutum ba, da wuya ta yi zaman gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gida mai mutane ne kaɗai ke da irin waɗannan hannaye da muryoyi.

Manyan da suka tashi a kango ba su san mutum ba, ƙungiyoyin ba sa tilasta musu zaman ɗaki, domin a wurinsu wannan kurkuku ne. Ana kama su da tarkon da ba ya jin ciwo, a yi musu tiyatar hana haihuwa da allurar rigakafi, a ɗan yanke tsinin kunnen hagu suna cikin maganin barci domin a gane an riga an yi musu, sannan a mayar da su inda aka kamo su. Akwai kuma ta tsakiya, wato kyanwar gida da aka yasar, ta sha wuya a titi, ta tsorata. Irinta kan yi kwanaki a ƙarƙashin gado, ba ta fitowa sai dare ya raba. Mai riƙo ba ya janyo ta. Yakan shiga ɗakin ya zauna a ƙasa yana karatunsa, ya ajiye abinci ya fita, har ranar da ita da kanta za ta zo ta shinshina hannunsa.

Killacewa da kurakuran da ke kisa

Duk kyanwar da ta shigo daga titi ana ɗaukarta a matsayin mai ɗauke da cuta har sai likita ya wanke ta. Ana keɓe ta daga dabbobin gidan, galibi na tsawon mako biyu, da kwanonta da tirenta. Ƙuma, in ta yi yawa a jikin jariri, tana iya shanye jininsa har ya mutu. Tsutsar ciki kuwa da wuya ɗan titi ya rasa ta. Makero yana tsallakawa daga kyanwa zuwa fatar mutum, musamman yara. Mafi muni ita ce cutar hanjin maguna mai karya garkuwar jiki, wadda likitoci ke kira fanlukofiniya. Ƙwayarta na iya zama a ɗaki har shekara guda, saboda haka sai an wanke ɗakin da bilic kafin a shigo da wata. Allurar rigakafinta, tare da ta mura, ana fara ta a Birtaniya a mako tara, a maimaita bayan mako uku.

Waɗansu kurakuran kuma kyakkyawar niyya ce ke jawo su. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya na iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa maganin kamar ta mutum. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin famitirin guba ne gare ta. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, abin lura ga mai zuba mata ragowar miya. Ƙa'idar ita ce mai riƙo ba ya ba da wani magani sai da umarnin likita.

Fayil da miƙa aiki

Ma'aikacin gwamnati zai gane wannan ɓangaren da sauri. Kowace kyanwa tana da fayil ɗinta: ranar da aka tsince ta da wurin, nauyinta, allurorinta, magungunan da ta sha. Bayanin da mai riƙo ya rubuta a kan halinta shi ake dubawa wajen haɗa ta da gidan da ya dace. Tana jure hayaniyar yara? Tana zama da kare? Tana yarda a ɗauke ta? Wanda ya ƙawata bayanin don ta samu gida da wuri, ya ɓoye cewa tana yakushi idan ta firgita, bayan 'yan kwanaki za a dawo da ita, ta fi da tsoro. Takardar miƙa aiki ce, kuma amfaninta yana ga gaskiyar abin da aka rubuta a ciki.

Doka ma ta shigo. Dokar Jin Daɗin Dabbobi ta 2006 a Ingila da Wales ta ɗora wa duk wanda dabba ke hannunsa, ko da na wucin gadi ne, alhakin biya mata bukatu biyar: mazaunin da ya dace, abincin da ya dace, damar yin ɗabi'arta, zama tare da 'yan'uwanta ko nesa da su gwargwadon halittarta, da kariya daga ciwo da wahala. Daga ranar 10 ga Yunin 2024 kuma ya zama dole a Ingila a dasa wa kowace kyanwar gida 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata kafin ta kai mako 20, mai ɗauke da lambar da za a gano mai ita. Wanda aka samu bai yi ba ana ba shi kwana 21, in ya ƙi, tarar na iya kaiwa fam 500.

Ranar rabuwa

Daga wajen mako tara jarirai kan fara barin hannun mai riƙo. Nan ne aikin ya fi ciwo. Mutumin da ya yi makonni yana tashi ƙarfe uku na dare domin halittar da ta fara buɗe ido a tafin hannunsa, shi ne zai sa ta a kwando ya miƙa wa baƙo. Akwai waɗanda kan kasa, su roƙi a bar musu ita, masu aikin kuma cikin raha suna kiran wannan da riƙon da ya gaza. Ba laifi ba ne, sai dai akwai lissafi a ciki: kyanwar da ta zauna dindindin ta cike gurbin da waɗansu da dama za su bi ta cikinsa su rayu. Waɗansu kuma kan daɗe ba a zo nemansu ba. Baƙaƙen maguna na cikin waɗanda ake tsallakewa, har ta kai Cats Protection ta keɓe musu ranar 27 ga Oktoba tun 2011 domin jawo hankalin jama'a gare su.

Wani lokaci ba dabbar kaɗai riƙo ke ceta ba. Yawancin mafakar da ake ba waɗanda suka gudo daga cin zarafi a gidan aure ba sa karɓar dabbobi, akwai kuma masu jinkirta gudu don tsoron abin da za a yi wa kyanwar da suka bari. Cats Protection tana da shiri mai suna Lifeline domin irin waɗannan: ɗan sa kai ya riƙe dabbar a asirce, ba tare da ya san mai ita ba, har ta samu matsuguni a mayar mata da abarta.

Abin da ya shafi Abuja

Maguna marasa gida ba baƙi ba ne a Abuja. Suna nan a bayan wuraren sayar da abinci, da kasuwanni, da rukunin gidajen ma'aikata, da gine-ginen da ba a kammala ba. Sai dai abu biyu sun bambanta nan da Landan. Tsawon yini a wannan yanki ba ya sauyawa sosai, saboda haka haihuwarsu ba ta da lokaci, shekara ce sukutum. Na biyu shi ne cutar haukan kare, wadda Birtaniya ta raba dabbobin gidanta da ita tun 1922, amma har yanzu tana nan a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar karnuka, amma kyanwa ma tana kamuwa tana kuma yaɗawa. Ba a kama babbar kyanwar titi da hannu tsirara. Wanda ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, domin idan alamun cutar suka bayyana magani ya ƙare.

Wanda ya ci karo da jarirai a lungu, kada ya yi gaggawar kwashewa. Idan jikinsu da ɗumi, suna da tsabta, suna barci, alama ce uwar na kusa, ta fita neman abinci; a ja baya a sa ido na 'yan sa'o'i. Babu fidar da ta kai nonon uwa, kuma ceton da ya fi shi ne wanda ya haɗa uwa da 'ya'yanta. Sai idan sun yi sanyi, suna ta kuka, ko an tabbatar uwar ta mutu, sannan a ɗauka, a ɗumama, a kai wa likitan dabbobi.

Yanayin aikin gwamnati kansa yana da hannu a lamarin. Ana yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, wa'adin maigida yakan ƙare hadimai su kwashe kaya, ana tafiya gida hutun Sallah ko Kirsimeti, kuma a irin wannan hada-hada kyanwar gida ce abin da ya fi sauƙin mantawa a bayan ƙofa kulle. Malamai sun sha tunatarwa da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta cancanci azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisai, Abu Huraira, laƙabinsa ma daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ya samo shi. Riƙon kwana goma a hannun maƙwabci ya isa ya raba mutum da wannan alhaki.

Ba sai an yi rajistar ƙungiya ake farawa ba. Mutum uku ko huɗu a rukunin gidaje ɗaya sun isa: mai ɗakin da ba kowa, mai motar kaiwa asibitin dabbobi, da masu haɗa kuɗin allura da tiyatar hana haihuwa, wadda ita ce ke tsayar da matsalar daga tushe. A titin Downing ma haka abin ya kasance. Tsakanin 2011 da 2024 firaministoci biyar sun kwashe kayansu sun fita ta baƙar ƙofar nan, ma'aikatan da jama'a ba su san sunansu ba kuwa suka ci gaba da cika wa Larry kwanonsa.